Kiɗan rakiya: Yadda mai koyon jitar bes zai yi atisaye a gida ba tare da ƙungiya ba

Jitar bes tana daga cikin kayan kiɗan da ba kasafai ake jin daɗinsu su kaɗai ba. Aikinta a cikin ƙungiya shi ne ta riƙe gindin waƙa, ta haɗa bugun ganga da sautin fiyano, da na sauran jitoci, da muryar mawaƙi. Saboda haka mai koyonta yana fuskantar matsalar da mai koyon fiyano bai cika fuskanta ba. Zai iya shafe watanni yana horar da yatsunsa a ɗaki, amma ranar da ya tsaya kusa da mai ganga sai a tarar yana riga shi ko yana bin bayansa.

A Maiduguri, wadda mutanenta suka fi kira Yerwa, wannan matsala tana da nauyi na musamman. Masu kaɗa bes a birnin galibi ana samunsu ne a ƙungiyoyin mawaƙan majami'u, da badujalar jami'an tsaro, da masu kiɗan biki, da kuma tsakanin ɗalibai. Haɗuwa domin atisaye tana buƙatar kuɗin Keke Napep, da man janareta, da wurin da ba za a dami jama'a ba. A shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, dokar hana fita ta rage tarukan dare ƙwarai. Hanyar da ta rage wa mai koyo a yawancin kwanakin mako ita ce ya kunna kiɗan da aka riga aka naɗa, ya bi shi. Wannan shi ake nufi da kiɗan rakiya.

Mene ne kiɗan rakiya?

Kiɗan rakiya kiɗa ne da aka naɗa da ganguna, da fiyano ko jita, wani lokaci har da muryar mawaƙi, amma aka cire kayan kiɗa guda ɗaya domin mai atisaye ya cike gurbin. Ga mai koyon bes, gurbin bes ne ake bari.

Dabarar ta girmi intanet da shekaru masu yawa. A 1950 wani Ba'amurke, Irv Kratka, ya kafa kamfanin Music Minus One a birnin New York, yana buga fayafayan garmaho da aka cire sautin makaɗi ɗaya daga cikinsu. A 1967 malamin kiɗan jaz Jamey Aebersold ya fara fitar da jerin fayafayan koyo, inda ake sanya bes a lasifika ɗaya, fiyano a ɗayar, ganguna kuma a duka biyun. Mai koyon bes sai ya rufe ɓangaren da bes take, ya maye gurbinta da tasa.

A yau ana samun irin wannan kiɗa ta hanyoyi huɗu. Akwai wanda aka riga aka shirya aka ɗora a YouTube da makamantansa, galibi tare da bayanin saurinsa da matakin muryarsa, wanda makaɗa ke kira ki. Akwai manhajoji irin su iReal Pro, waɗanda mutum zai rubuta musu jerin sautukan waƙa su kaɗa masa. Akwai manhajojin da ke rarrabe waƙar da aka riga aka gama, su ware murya, da ganguna, da bes, kamar Moises, da kuma Spleeter wadda kamfanin Deezer na Faransa ya saki a 2019. Hanya ta huɗu ita ce mutum ya haɗa nasa, kuma ita ce ta fi muhimmanci ga makaɗin Arewa, kamar yadda bayani zai zo a gaba.

Abin da ake koyo da shi

Babban darasin da kiɗan rakiya ke koyarwa shi ne kiyaye lokaci. Ana auna saurin kiɗa da yawan bugu a cikin minti ɗaya. Idan aka ce kiɗa yana tafiya a kan 60, kowane bugu yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya. Idan 120 ne, rabin daƙiƙa ke nan. Na'urar da ke ƙidaya wannan bugu, wato metironom, ta daɗe a hannun makaɗa, domin tun 1815 Johann Maelzel ya yi mata rajista a Turai. Sai dai ita ƙas-ƙas kawai take yi. Kiɗan rakiya yana ƙara abubuwan da ba ta bayarwa: inda babbar gangar ƙafa take sauka, da lokacin da fiyano ke sauya sauti, da tsarin waƙa daga baiti zuwa amshi.

Wannan yana da muhimmanci saboda kuskuren mai bes ya fi na kowa tasiri. Idan mai jitar gaba ya kuskure sauti ɗaya, sau da yawa yakan wuce kamar ado. Idan mai bes ya sauka a kan sautin da ba shi ba a farkon zango, duk ƙungiyar ce za a ji kamar ta ɓace hanya. Idan kuwa ya riga mai ganga da ɗan kaɗan, masu rawa ne za su fara ji a ƙafafunsu tun kafin su san dalili.

Akwai kuma darasi na biyu da masu koyo kan yi wa riƙon sakainar kashi, wato tsawon sauti. Sanin lokacin da za a kashe tsirkiya daidai yake da sanin lokacin da za a taɓa ta. Mai sauraron kiɗan Fela Kuti tare da gangunan Tony Allen zai lura cewa bes takan maimaita gajeren salo guda na mintuna masu yawa, kuma armashin yana cikin guraben da take bari ganga ta cike. Ba a iya koyon barin irin wannan gurbi idan babu gangar da za a bar wa.

Matsalar lasifikar waya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kunna kiɗan ta lasifikar wayar hannu. Dalilin yana cikin yanayin sautin kansa. Jitar bes ta yau da kullum, irin wadda Leo Fender ya fara sayarwa a 1951, tana da tsirkiya huɗu da ake ɗaurewa a kan E, A, D da G. Mafi kaurin cikinsu tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, mai bi mata sau 55, ta uku kusan 73, ta huɗu kusan 98. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya tura iskar da za ta fitar da sauti mai zurfi haka. Abin da ke fitowa daga cikinta shi ne murya da ƙarar faranti, alhali gangar ƙafa, wadda ita ce abokiyar tafiyar mai bes, takan kusan ɓacewa.

Mafita mafi sauƙi ita ce abin sauraro na kunne mai igiya, tare da ɗan ƙaramin amfilifaya na aljihu da ake cusawa a jikin jitar. Irin su Vox amPlug suna aiki da ƙananan batura biyu, kuma suna da ramin da ake haɗa waya domin sautin jita da na kiɗan rakiya su haɗu a kunne ɗaya. Wanda ke da amfilifaya ta ɗaki ya duba ko tana da ramin shigar da sauti daga waje.

Game da Bluetooth, akwai bambancin da ya kamata a sani. Yana jinkirta sauti, sau da yawa da kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na daƙiƙa, wani lokaci fiye da haka. Idan kiɗan rakiya kaɗai ne yake bi ta cikinsa, babu damuwa, domin mai kaɗawa yana bin abin da kunnensa ya ji ne. Amma idan sautin jitar ne yake bi ta nan, yatsa zai taɓa tsirkiya kunne bai ji ba sai daga baya. A kiɗa mai saurin 120, jinkirin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ya kai kusan rabin bugu. Wanda ya saba da haka yana koya wa hannunsa riga ganga ne ba tare da ya sani ba.

Wuta, data da maƙwabta

Mutanen Yerwa ba sa buƙatar a yi musu bayanin rashin wuta. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda sun lalata turakun babban layin da ke kawo lantarki daga Damaturu, birnin ya shafe watanni masu yawa cikin duhu. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai ƙarfin megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina domin rage matsalar. Duk da haka, mai hikima shi ne wanda ya tsara atisayensa yadda ɗauke wuta ba za ta tsayar da shi ba.

A nan jitar bes tana da sauƙi. Mafi yawansu ba sa buƙatar lantarki a jikinsu, domin maganaɗisu ne da naɗin waya a ƙarƙashin tsirkiya suke mayar da karkarwarta sigina. Wasu nau'o'in ne kawai ke ɗauke da batir mai bolt 9, kuma su ya kamata a riƙa zare musu igiya bayan an gama, domin barinta a jiki yana cinye batirin. Da waya mai caji, da amfilifaya ta aljihu, da batirin ajiya ko ƙaramar sola, an gama shiri.

Ta fuskar data, sauke kiɗa sau ɗaya ya fi kallon bidiyonsa kullum araha. Fayil ɗin MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, wato kiɗa 20 masu minti biyar-biyar ba za su wuce megabait 100 da yawa ba. Ana iya adana su a memori, a rubuta wa kowanne saurinsa da kinsa a jikin suna domin sauƙin nema.

Sai batun maƙwabta. Sautin bes yana ratsa bango fiye da kowane sauti, saboda tsawon zangonsa a iska. Na tsirkiyar E ya haura mita takwas, ya fi faɗin yawancin ɗakuna. Shi ya sa mutum zai ga kamar ya rage ƙara, alhali na ɗaki na uku yana jin gunji a ƙirjinsa. A gidan haya ko gidan gandu, inda akwai tsofaffi, da jarirai, da lokutan salla da na barci, abin sauraro na kunne yana kare zumunci. Amma shi ma yana da haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma idan ta kai 90, lokacin yana raguwa zuwa kimanin awa huɗu. Idan kunne ya fara ƙugi bayan atisaye, alama ce cewa an wuce gona da iri.

Yanayin garin ma yana taɓa jitar. Wuyanta na katako ne, kuma busasshiyar iskar hunturu tana tsotse danshinsa, yayin da zafin Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40, yake sauya ɗaurin tsirkiya. Saboda haka a daidaita tsirkiya kafin kowane zama, a goge ƙura da gumi bayan an gama, a kuma ajiye jitar cikin jakarta nesa da rana da kwanon rufi.

Tsarin zama na rabin awa

Rabin awa kullum ya fi awa huɗu a rana guda cikin mako amfani. Ga tsarin da mai koyo zai iya bi.

Minti biyar na farko na daidaita tsirkiya ne da motsa yatsu a hankali, ba tare da kiɗa ba.

Minti goma na gaba a kunna ganguna zalla a kan saurin 60 zuwa 70. A zaɓi sauti ɗaya, misali G, wanda yake gaɓa ta uku a kan tsirkiyar E, a riƙa sauke shi daidai da gangar ƙafa. Alamar dacewa ita ce sautin biyu su narke su zama kamar ɗaya. Idan ana jin su daban-daban, akwai saura.

Minti goma na uku a kunna cikakken kiɗa mai sauƙin tsari. Waƙoƙin majami'a da na hailaif da dama suna zagayawa ne a kan sautuka uku, waɗanda masu solfa ke kira do, fa da so. A kin G, su ne G, da C a gaɓa ta uku ta tsirkiyar A, da D a gaɓa ta biyar ta wannan tsirkiya. A zagayen farko a kaɗa tushen kowane sauti kawai. Idan ya zauna, a ƙara na biyar ɗinsa, wanda yake kan tsirkiya ta gaba, gaɓa biyu sama. Bayan nan a ƙara ninkinsa, tsirkiya biyu gaba, gaɓa biyu sama. Ba a ƙara sauri sai an yi zagaye uku a jere babu tuntuɓe, kuma ƙarin kada ya wuce bugu huɗu ko biyar a lokaci guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Minti biyar na ƙarshe su ne mafi daraja, kuma su aka fi tsallakewa. A naɗi abin da aka kaɗa, a ajiye jitar, a saurara. Yayin kaɗawa hankali yana kan yatsu, kuma kyakkyawan kiɗan rakiya yana lulluɓe kurakurai har mutum ya ɗauka ya ƙware. Naɗin ne yake bayyana inda aka yi gaggawa, da inda tsirkiyar da ba a taɓa ba take gunji a ƙarƙashi.

Akwai gwaji guda da ke nuna ko lokacin ya zauna a jikin mai koyo, ko kuwa jingina kawai yake yi da kiɗan. Da manhaja kyauta irin Audacity ana iya share sautin zango biyu bayan kowane zango shida. Mai koyo zai ci gaba da kaɗawa a cikin shirun. Idan ganga ta dawo ta same shi a daidai, ya samu abin da ake nema. Idan ta same shi a gaba ko a baya, ya san aikin da ke gabansa.

Giɓin kiɗan gida

Mafi yawan kiɗan rakiya da ke intanet an yi su ne domin rok, da bulus, da fonk, da rege, waɗanda galibi ke tafiya a kan bugu huɗu. Kaɗe-kaɗen da ake rawa da su a bukukuwan Borno da ƙasar Hausa da yawa suna raba kowane bugu gida uku ne, abin da masana ke rubutawa 6/8 ko 12/8, kuma karin waƙoƙin yakan tsaya a kan sautuka biyar maimakon bakwai. Matashin da ya shekara yana bin kiɗan Amurka zai iya rikicewa ranar da aka tsayar da shi kusa da mai kalangu, ko masu ganga kura na Kanuri, ko masu kiɗan Shuwa. Ga kuma wani bambanci: algaita, da gurmi, da kukuma ba lallai ne ɗaurinsu ya dace da ma'aunin 440 da fiyano ke bi ba, don haka kunne ne zai yi jagora a nan.

Cike wannan giɓi ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Mai koyo zai iya roƙon makaɗin ganga na ƙungiyarsu, ko wani makaɗin gargajiya da izininsa da kuma ɗan hasafi, ya kaɗa masa salo guda na minti biyar ya naɗa a waya. Zai iya naɗar atisayen ƙungiyarsu a ranar da ya ajiye jitarsa da gangan. Haka kuma fiyanon Yamaha PSR, wanda tun ƙarshen shekarun 1990 ya mamaye situdiyoyin waƙoƙin finafinan Hausa a Kano, har ya ɗauke aikin makaɗa da dama ciki har da mai bes, yana ba da damar a kashe layin bes a bar sauran. Na'urar da ta rage wa mai bes kasuwa za ta iya zama abokiyar atisayensa.

Akwai misalai a maƙwabta na yadda bes ke zama a cikin kiɗan gida. A Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta haɗa ta da molo, da ƙwarya, da sarewa. Tal National ta Yamai tana kaɗa salon Hausa, da Zabarma, da Fulani, da Buzaye da kayan zamani. A Kamaru, Richard Bona, wanda aka haifa a 1967, ya fara da balafon da waƙa a majami'a, ya koyi jaz ta hanyar sauraron tarin fayafayai a wani gidan rawa a Duwala, kuma jin kiɗan Jaco Pastorius ne ya karkatar da shi zuwa bes. A yau yana cikin fitattun masu kaɗa ta a duniya, kuma yana rera waƙoƙinsa da harshen Duwala.

Haƙƙin mallaka

Bin waƙar wani a ɗaki domin koyo daban yake da yaɗa ta. Najeriya tana da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta shafi abubuwan da ake ɗorawa a intanet. Wanda ya cire bes daga waƙar wani mawaƙi, ya ɗora tasa, sannan ya sayar ko ya saka a TikTok ko YouTube domin samun kuɗi, yana iya fuskantar ƙorafi ko a sauke masa bidiyon. Kafin a wallafa, a karanta sharuɗɗan wanda ya shirya kiɗan, ko a nemi izini. Wannan ma wani dalili ne na haɗa kiɗan rakiya na kai.

Iyakar abin da zai iya yi

Kiɗan da aka naɗa ba ya sauraron mai bin sa. Ba ya ƙara sauri idan rawa ta yi zafi, ba ya jira idan mawaƙiya ta ja numfashi, ba ya maimaita amshi saboda an fara liƙi, kuma ba ya ɗaga gira domin sanar da cewa za a tsaya. A wurin biki ko a majami'a, waɗannan abubuwa suna faruwa a kowace waƙa, kuma mai bes da mai ganga da ido suke magana.

Saboda haka amfanin kiɗan rakiya yana bayyana ne a ranar haɗuwa da ƙungiya. Wanda ya yi kwana shida yana aiki da shi zai zo ya riga ya san tsarin waƙa, yatsunsa sun san hanya, hankalinsa kuma ya samu sararin sauraron abokan kiɗa. A garin da kowace awa ta atisaye take cin man janareta da kuɗin mota, wannan tanadi ne ga ƙungiyar baki ɗaya. Mai koyo ya nemi aƙalla zama ɗaya a mako tare da makaɗin ganga, ko da a kan benci ne da bokiti, ya naɗi zaman, ya koma gida da shi a matsayin kiɗan rakiyarsa na mako mai zuwa.